Ɗana ya kusa shekara biyu, magana shiru: in jira ko in kai shi asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Agege, ɗana na fari watansa 22. Ya fara tafiya yana wata 15, yanzu har gudu yake yi, amma magana ce shiru. Kalmominsa ba su wuce takwas ba, sauran duk gwaranci ne da nuni da hannu. 'Yar maƙwabciyata Bayarabiya, wadda ya girma da wata ɗaya, har waƙa take yi. Hajiyar maigidana ta ce min a waya ubansa ma sai da ya shekara uku, in ƙyale shi. Wata ta ce yare ne ya yi masa yawa, Hausa da Yarbanci da Turanci. Wanzami kuma ya ce linzami ne, a yanke. Ga birgima, ga ƙin cin abinci tun da na yaye shi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya mana shi, Ya shirya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, na daɗe ina awo da rigakafi a nan Legas, kuma ina da nawa huɗu. Wannan tambaya taki na ji ta a bakin iyaye ba adadi, ni ma na taɓa kwana da irinta a raina.

Bari in fara sallamar wanzami, don a cikin mutum ukun da suka ba ki shawara, tasa ce kaɗai za ta iya jawo ɓarna yau-yau. Linzami akwai shi, ba ƙarya ba ne: 'yar tantanin nan ta ƙarƙashin harshe ce take zuwa gajeriya ta riƙe shi. Amma inda yake nuna kansa shi ne wurin kama nono a makonnin farko, wani lokaci kuma wurin fitar wasu haruffa idan yaro ya girma. Ba ya hana yaro sanin sunan abu, ba ya hana shi cewa "Mama zo". Yaron da ya sha nono lafiya lau har aka yaye shi, yake zaro harshe ya lashi leɓe, ba linzami ke damunsa ba. Ƙarƙashin harshe kuwa jijiyoyin jini ne a kwance, ita kuma aska ba ki san bakin wa ta shiga kafin nasa ba. Kada ki yarda a sa masa ƙarfe a baki.

Maganar yare ma ba ta da tushe. Da yawan yare na hana magana, da rabin yaran Agege da Idi-Araba da Obalende bebaye ne. Yaron da ya tashi cikin harsuna biyu ko uku yana fara kalmar farko, yana kuma fara haɗa kalmomi, a kusan lokaci ɗaya da mai harshe guda. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne kalmominsa a rarrabe suke, wasu nan wasu can, uwa kuma ta Hausar kawai take ƙirgawa. Kada wani ya ce miki ki daina yi masa Hausa ki koma Turanci don wai ya fi saurin kamawa. Ki yi masa yaren da bakinki ya fi sakewa a cikinsa, wanda za ki iya yi masa wasa da faɗa da lallashi da shi. Yarbanci da Turancin titi kuwa, ko kin so ko kin ƙi, tsakar gida za ta koya masa.

Saboda haka kafin komai ki sake ƙirgar nan. Ki samu takarda ki liƙa a bayan ƙofa, kwana bakwai, duk sautin da yake maimaitawa da nufin abu guda ki rubuta. "Uwa" idan ruwa yake nufi, kalma ce. "Omi", wato ruwa da Yarbanci, da ya tsinta a ɗakin maƙwabciya, wata kalmar ce daban. "Pim-pim" na mota, "mee" na akuya, "bai-bai", "oya", "a'a", duk su shiga. Ba a duba ko ya faɗa daidai. Na sha ganin uwa ta zo min da cewa kalma shida ce, ta dawo bayan mako da takarda cike gaba da baya. Na kuma ga wadda ta dawo da shidan nan ba ƙari, wannan ma amsa ce mai amfani.

Ma'aunin da muke ɗorawa a kai ga shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta jadawalinta a 2022, ta gina shi a kan abin da yara uku cikin huɗu suke iya yi a kowane mataki. A wata 18 yaro yana ƙoƙarin faɗin kalma uku ko fiye ban da Mama da Baba. A wata 24 yana haɗa kalma biyu, irin su "ba ni" da sunan abu, ko "Baba tafi". A wata 30 kalmominsa sun kai kamar 50. Masu gyaran magana kuma sun daɗe da nasu ma'aunin da ya fi wannan tsauri: yaro ɗan shekara biyu da bai kai kalma 50 ba kuma bai fara haɗa biyu ba, suna sa shi cikin masu jinkirin magana. Idan bakwaini aka haife shi, ki cire makonnin da ya rage bai cika ba daga lissafin, har ya shekara biyu. In kalma takwas ɗin nan ta tabbata a wata 22, ɗanki yana baya-baya, ba zan ɓoye miki ba. Ba abin tashin hankali ba ne, amma ba abin a naɗe hannu ba ne kuma.

Sai dai ni idan aka kawo min yaro irin naki, ba bakinsa nake fara dubawa ba. Tabarma nake shimfiɗawa, in ajiye kofi da cokali da takalminsa, in bar shi ya gama ƙiwarsa a jikin uwa. Can in ya sake, sai in kare bakina da takarda don kada ya karanci leɓena, in hana hannuna motsi, in ce a hankali, "Ba ni cokali." In ya miƙo, sai in ce, "Kai wa Mama takalmi." Sai kuma, "Ina hancinka?" Yaron da ya yi waɗannan ya gaya min abu biyu: yana ji, kuma kalmomin suna nan a ajiye a kansa, fitowa ce ta rage. Ki gwada a gida, amma fa ban da nuni, domin mu iyaye da hannu muke rabin magana ba mu sani ba. Ki ce "ɗauko buta" kina kallon buta kina nuna ta, ai ko bai ji ba zai ɗauko.

Na biyu, nunin da kika ce yana yi ya faranta min rai, amma iri biyu ne. Akwai nunin "ba ni", kamar ya nuna burodi yana kuka. Akwai kuma nunin "duba ki gani". Ku da jirage ke bi ta samanku za su sauka Ikeja, ki lura: idan jirgi ya wuce, yana ɗaga yatsa ya nuna, sannan ya waiwayo ya kalli fuskarki ya ga ko kin gani? Wannan waiwayen shi nake nema. Ba abin da yake so ki ba shi, so yake ku ga abu tare. Yaron da yake haka, yake amsa sunansa, yake kara takalmi a kunne wai waya, yake kwaikwayonki shara ko ruku'u, yake ba 'yar tsana abinci, ginshiƙin magana ya riga ya kafu a wurinsa. Mafi yawan irinsu suna kamo tsaransu. Wanda kuwa ba ya nuni sam, sai dai ya ja hannunki ya ɗora a kan abu kamar hannun ba na mutum ba, ba ya haɗa ido, a kira shi ya yi kamar ba da shi ake ba, ya wuni yana juya tayar mota ko jera murafe, wannan sai a duba shi don otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Akwai takardar tambayoyi da likitocin yara ke cikewa tare da uwa a wata 18 da wata 24 don wannan.

Yanzu maganar Hajiya. Ba ƙarya ta yi ba, jinkirin magana yana bin dangi, kuma maza kan ɗan yi baya da mata, ko da yake tazarar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Inda na rabu da ita shi ne "ki ƙyale shi". Bin dangi dalili ne na a ƙara sa ido. Akwai wani yaro da ba na mantawa, an kawo shi ya haura shekara uku, kyakkyawa, mai wayo, idonsa kamar zai yi magana. Kakarsa ma haka ta ce, ubansa ya yi jinkiri. Uwar ta rantse min yana ji, don in an buga ƙofa yana juyowa, in an tayar da janareta yana gudu ya leƙa. Da na tambayi haihuwarsa sai ta ce ya yi shawara a makon farko, idonsa ya yi ɗorawa, aka yi ta shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan gulukos. Gwaji ya nuna ƙarar ƙofa kam yana jin ta, amma muryar mutum ba ta isa gare shi sai kamar daga ƙarƙashin ruwa. An sa masa na'urar ji, ya fara magana, amma shekara biyun da aka yi ana jira ba ta dawo ba.

Shi ya sa duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, gwajin ji ne farkon abin da ake yi, ko da uwa ta tabbata yana ji. Tafi a bayan kunne ba gwaji ba ne, yana ganin inuwarki, yana jin iskar hannunki. Ki tuna baya: ya yi shawara mai tsanani yana jariri? An kwantar da shi an yi ta yi masa allurai? Ya yi sanƙarau ko ƙyanda? Kunnensa ya taɓa zubar da ruwa ko mugunya? Ko babu ɗaya daga ciki, akwai ruwan da kan taru a bayan dodon kunne bayan mura, ba ciwo ba zazzaɓi, ya dusashe ji na watanni, kuma ana maganinsa. Gwajin ba zafi: wata 'yar na'ura ce ake sawa a bakin kunne na mintoci, wani kuma ana manna masa wayoyi a kai yana barci.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a jadawalin kowace hukuma ba, wanda ni a ganina shi ne rabin matsalar 'ya'yan fari na Hausawan Legas. Alkunya. An raine mu a kan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ban raina wannan tarbiyya ba, ni ma a cikinta na tashi. Amma a gida Arewa, uwar da ta kawar da kai, akwai mutum goma da suka juyo. Kaka tana tsokanarsa da "mijina", gwaggo ta goya, ƙannen uba su yi masa tatata, yaran gida su ja shi zaure. Kafin magariba ya ji magana ta ishe shi, uwa ba ta ce uffan ba. To a ɗaki ɗaya a Agege fa? Maigida ya fita tun asuba, wataƙila kasuwar Mile 12, go-sulo ya riƙe shi sai bayan isha, ya tarar yaro ya yi barci. Ƙofa a rufe saboda tsoron kwata da 'yan okada. Daga ke sai shi. Kika yi shiru, duniya ce ta yi masa shiru. Mun taho da alkunyar, mun baro mutanen da ke cike gurbinta a can.

Ni da kaina sai da wata tsohuwar nas da muka yi aiki tare ta ankarar da ni. Ta ga ina yi wa babbar 'yata wanka ban ce mata komai ba daga farko har ƙarshe, ta ce, "Ke wannan kwano kike wankewa ko mutum?" Na ji kunya, amma gaskiya ta faɗa.

Wurin da ya zama fili kuwa, waya ce ta shige shi. Ba ki ambace ta ba, amma zan yi mamaki in ba a miƙa masa ita lokacin girki. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Dalilin mai sauƙi ne. Magana ba a koyonta da saurare kawai, sai da mayarwa: ya yi sauti, a amsa masa, ya ƙara, a ƙara. Katun ba ya jiran amsarsa, ba ya ganin abin da ya nuna. Kiran bidiyo da Hajiya daban ne, don ita tana amsawa. Ki ma ba ta wannan aikin, ta riƙa tsokanar mijin nata kullum bayan la'asar, kin ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Talabijin da ke ta surutu ba mai kallo a kashe shi. Ƙarar janareton maƙwabta ma ta ishe shi gasa da muryarki.

Ba sai kin ware lokaci ko kin sayi kayan wasa masu tsada ba. Abin da hannunki ke yi, bakinki ya faɗa: ga ruwa, ruwa da sanyi, mu wanke ƙafa, ɗaya ƙafar. Ya nuna abu, kada ki miƙa masa da sauri, kada kuma ki tsare shi da "ce ruwa, ce ruwa" har ya yi zuciya. Ki sunkuyo daidai fuskarsa ki ce, "Ruwa? Ruwa kake so," ki ɗan dakata kamar mai jiran amsa, sannan ki ba shi. Dakatawar nan ita ce wuyar, mu iyaye gaggawa gare mu. Ki riƙa ba shi zaɓi: ayaba ko burodi? Ya ce "mota", ki ce "mota ta tafi", kalma ɗaya ko biyu a kan tasa, ba huɗuba ba. In kin goya shi zuwa kasuwa, ki sauke shi a gaban mai kayan miya ya taɓa tumatur da albasa ki faɗa masa sunansu. Ki bar shi ya yi wasa da 'yar maƙwabciyar nan, amma ki daina auna shi da ita.

Tafiyarsa a wata 15 kuwa ko kusa ba jinkiri ba ne, ki cire ta daga ranki. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a kan yara masu ƙoshin lafiya a Gana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, wanda aka buga a 2006, ya nuna tafiya ba riƙo tana zuwa ne tun daga wajen wata 8 har kusan wata 18. Kaɗan daga cikinsu ma ba su yi rarrafe ba sam. Nawa na biyu da jan gindi ya yi ta yawo har wata 16, wanduna sun sha wuya, rana ɗaya ya miƙe ya bi kaza.

Birgimar da maganar 'yan gida ɗaya ne. Mutum ne ya san abin da yake so, ba shi da bakin faɗa, ƙarfinsa kuma bai kai ba. Daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku lokacinta ne, tana kuma raguwa idan baki ya buɗe. Ki duba yunwa da barci, don a wannan shekarun yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya har da na rana, kuma yaran da ke jiran dawowar uba har sha ɗayan dare ba sa samu. In ya faɗi yana shure-shure, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki zauna kusa, kada ki ba shi abin da kika hana don ya yi shiru, kada kuma ki dake shi. Duka yana tsayar da kukan yau ne ya koya masa dukan ƙaninsa gobe. In yana shiɗewa, wato ya yi kuka numfashi ya ɗauke har leɓe ya canja launi, ki kwantar da shi ta gefe, ban da cusa cokali a baki ko ɗura ruwa. Yakan dawo cikin ƙasa da minti ɗaya, amma ki gaya wa likita a auna jininsa, don ƙarancin jini na ƙara shi.

Abinci kuma, a shekarar farko yaro yana ninka nauyin haihuwarsa sau uku, a ta biyu kuwa abin da yake ƙarawa bai fi kilo biyu zuwa uku ba, dole cin ya ragu. Sikeli ne alƙali, ba kwano ba. Abin da nake yawan tararwa shi ne ciki ya cika da biskit da lemon kwali da shayi kafin a sauke tukunya. Shayi ma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Ki ba shi sau uku ko huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai don ki ga abin da ya ci. Kokon nan a sa masa garin gyaɗa ko waken soya, a haɗa masa da ƙwai, wake, kifi, hanta, alayyahu ko zogale. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya ba yanzu ba, tana sarƙe yara. Ki bar shi ya ci da hannunsa ko ya ɓata wuri, ban da ɗure. Maganin buɗe ciki na kemis kada ki saya, galibi barci yake sa su. Haka maganin haƙori, ko da yake turamen baya na gab da fito masa. Mu da muke aiki a 2008 ba mu manta My Pikin ba, ruwan maganin haƙorin da ya gurɓata da guba ya lalata ƙodar yara, sama da 80 suka rasu a ƙasar nan, hukumar NAFDAC ta kwashe shi daga kasuwa.

To, in jira ko in kai shi? Ki kai shi, kada ki jira ya cika biyun. Ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ko Babban Asibitin Orile-Agege, a auna nauyi da tsawo da jini, a leƙa kunne, ki nemi takardar turawa zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro don gwajin ji. Asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ya fi kusa da ku, akwai kuma na LUTH a Idi-Araba. In likita ya ga alamun otizim, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da cibiyar yara da matasa a Oshodi. Abu ɗaya ne ba ya jiran ko mako: yaro ya rasa abin da ya riga ya iya, kalmar da yake faɗa ta ɓace, ko ya daina kallon mutane, ko tafiyarsa ta lalace.

Ki tafi da takardar kalmomin nan, da ɗan bidiyonsa yana wasa a gida, don a gaban likita ƙiwa za ta hana shi yin komai. Ki ɗauki katin rigakafinsa ma ki duba ko an yi masa allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15, da yawa daga wata tara suke ajiye katin a ƙasan akwati. In da hali maigida ya raka ki ranar gwajin ji, ya ji bayani da kunnensa, shi zai fi iya isar wa Hajiya.